Jikan da Ya Ɗauki Shebur da Jikan da Ya Ɗauki Tuta

A farkon watan Yulin 1913 tsofaffi sama da 50,000 suka sauka a tantuna a filin Gettysburg, cikin jihar Pennsylvania ta Amurka. Dukkansu 'yan mazan jiya ne na yaƙin basasar ƙasar, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, kuma da dama daga cikinsu a wannan fili ne suka kwana uku suna ɓarin wuta a kan juna shekara 50 baya. Ranar 3 ga wata, ragowar sojojin Kudu suka sake takawa zuwa katangar dutsen da aka karkashe 'yan uwansu a gindinta. Wannan karon babu bindiga a hannunsu, sai sandar dogarawa. Ragowar sojojin Arewa na tsaye bayan katangar suna jira. Da suka iso aka miƙa hannu ta saman katanga aka gaisa, masu ɗaukar hoto suka ɗauka, jaridu suka buga.

Washegari Shugaba Woodrow Wilson ya zo ya yi gajeren jawabi. Ya ce an manta da rigimar, abin da ya rage a riƙa tunawa shi ne jarumtar mazajen ɓangarorin biyu. Bai ambaci bauta ba. Alhali kuwa lokacin da yaƙin ya ɓarke, kusan mutum miliyan 4 ne ke cikin ƙangin bauta a ƙasar, kuma a kan makomarsu ne jihohin Kudu suka ɓalle. Baƙaƙen fata wajen 180,000 sun sa kakin sojan Arewa. Ba ka ganinsu a hotunan musafahar nan. A cikin shekarar ma gwamnatin Wilson ke raba ma'aikata farare da baƙaƙe a ofisoshin tarayya.

Duk lokacin da na kalli hoton nan, ban iya jin haushin tsofaffin. Mutumin da ya ga hanjin abokinsa a waje yana ɗan shekara 19, ya rayu ya kai 70, in ya ga dama ya rungumi wanda ya harbe shi, wa zai ce masa don me? Da jininsa ya saya. Wanda nake tuhuma shi ne mai jawabi, wanda ya ɗauki yafiyar mutum biyu ya shimfiɗa ta kamar tabarma a kan miliyoyin da ba a tambaye su ba. Ra'ayina ke nan a kan tunawa da yaƙin basasa ko'ina aka yi shi: shirun tsohon soja haƙƙinsa ne, amma hukuma ba ta da wannan haƙƙin. In hukuma ta yi shiru, bashi ne ta ɗauka da sunan waɗanda ba a haifa ba, kuma su za a zo a tsare da biya.

Yaƙin basasa ya bambanta da yaƙin da ake yi da baƙo. In baƙo ne, ana gamawa ya koma ƙasarsa, kowa ya gina hasumiyarsa ya rubuta abin da ya ga dama. A yaƙin basasa kuwa, wanda ya kashe ubanka yana nan. Watakila shi ne alƙali, watakila shi ne malamin ɗanka, watakila surukinka. Dole a ci gaba da zama. Shi ya sa waɗanda suka yi yaƙin da hannunsu sukan fi kowa son a rufe maganar. Ba wai sun manta ba ne, jiki magayi. Tsohon soja yakan ba da labarin yunwa da ƙwarƙwata da takalmin da ya yage, ya ba da labarin abin dariya na sansani, amma in aka zo kan ranar da aka shiga wani ƙauye sai ya ce dare ya yi. Matarsa ta san abin da yake faɗa cikin barci. 'Ya'yansa sun koyi inda ba a taɓawa.

Ko Janar Robert E. Lee, babban kwamandan Kudu, da aka gayyace shi Gettysburg a 1869 don a kafa alamomin inda rundunoni suka tsaya, ƙin zuwa ya yi. Ya rubuta cewa ya fi kyau kada a riƙa fama gyambon yaƙi. Ya rasu a 1870. Bayan shekara 20 aka kafa masa ƙaton mutum-mutumi bisa doki a birnin Richmond. Akasarin gumakan janar-janar na Kudu da suka cika dandalin garuruwa da harabar kotuna an kafa su ne tsakanin 1900 da 1920 da 'yan kai, lokacin da ainihin mayaƙan ke ta mutuwa, kuma lokacin da jihohin Kudu ke ƙwace ƙuri'a daga hannun baƙar fata. Ƙungiyar 'ya'ya matan mayaƙan Kudu, wadda aka kafa a 1894, ita ce kan gaba wajen tara kuɗin ginin, kuma ta sa ido a kan littattafan makaranta don kada a koya wa yara cewa bauta ce ta jawo yaƙin. Wato gunkin da ake cewa tarihi ne, in ka duba shekarar da aka kafa shi, sai ka ga saƙo ne ga masu rai na wannan shekarar, yana gaya musu wane ne ke da gari.

Akwai wanda ya hango haka tun da wuri. Frederick Douglass, wanda aka haifa bawa ya tsere ya zama babban mai magana da yawun baƙaƙen fata, ya tsaya a birnin New York a 1878 ranar tunawa da mamatan yaƙi, ya ce a yaƙin nan akwai ɓangaren da ke kan gaskiya akwai wanda ke kan kuskure, kuma babu tausayin da ya kamata ya sa a manta da haka. Bai ce a tsani kowa ba. Abin da ya ƙi shi ne a mai da yaƙin kamar kokawar dandali, a yaba wa wanda ya yi kaye da wanda ya sha kaye, a watse ba a faɗi abin da ya haɗa su ba.

Wani abin da aka daɗe ba a ambata shi ne, ɗaya daga cikin tarukan farko na tunawa da mamatan yaƙin, bayi da aka 'yanta ne suka yi shi. A birnin Charleston akwai filin sukuwa da sojojin Kudu suka mai da shi kurkukun fursunonin yaƙi, inda sama da mutum 250 suka mutu aka tura su rami ɗaya. Da yaƙi ya ƙare, baƙaƙen fatar garin suka tono su, suka yi wa kowa kabarinsa, suka kewaye wurin da shinge, sannan ranar 1 ga Mayun 1865 dubban mutane, har da yaran makaranta, suka zo da furanni. Ba su san sunayen yawancin mamatan ba, ba danginsu ba ne. Ni a ganina wannan aikin ya fi duk dawakan tagulla na Richmond nauyi, kuma shi ne aka bari ya ɓace daga bakin mutane shekara da shekaru.

Sifaniya ta bi wata hanyar, ta zo ta tarar da rami iri ɗaya. An yi yaƙinta daga 1936 zuwa 1939, Janar Franko ya ci, ya mulki ƙasar har mutuwarsa a 1975. Shekarun nan duka tunawa ta ɓangare ɗaya ce. An tono mamatan masu nasara an binne su da girmamawa, an rubuta sunayensu a bangon majami'u. Na waɗanda aka ci kuwa suna kwance a ramukan gefen hanya da bayan maƙabartu, matansu ba su da ikon ko kuka a fili. Franko ya sa aka fafe dutse a arewacin Madrid aka gina Kwarin Mamata, da gicciye mai tsawon mita 150, fursunonin siyasa na cikin waɗanda suka yi aikin. Aka buɗe shi a 1959, aka kwaso ƙasusuwan mutum sama da 33,000 aka zuba, har da na abokan gabarsa waɗanda ba a nemi izinin danginsu ba. Da ya mutu aka binne shi a tsakiyarsu. Wai sulhu ke nan: a ɗauko gawar wanda aka kashe a kwantar da ita a gefen wanda ya ba da umarnin kashe shi.

Bayan mutuwarsa 'yan siyasar dama da na hagu suka yi yarjejeniyar da ba a rubuta ba, cewa a bar kaza cikin gashinta. A 1977 aka yi dokar afuwa da ta rufe laifukan kowa. Ba zan yi saurin zaginsu ba. Sojojin Franko na nan da makamansu, kuma a Fabrairun 1981 wani hafsa ya kutsa majalisar dokoki da bindiga ya yi garkuwa da 'yan majalisa, yana neman a juya mulki. Mutanen da suka haɗiye maganarsu a 1977 sun san abin da suke tsoro, kuma watakila shirun nasu ne ya ba dimokuraɗiyyar ƙasar damar tsayawa da ƙafafunta. Sai dai shirun da aka yi don a tsallake kogi, ba a ci gaba da shi bayan an hau tudu. Su kuwa sun so ya zauna har abada.

Jikoki ne suka karya shi. Wani ɗan jarida mai suna Emilio Silva ya shiga neman inda aka jefa kakansa, wanda 'yan bindigar ɓangaren Franko suka harbe a Oktoban 1936. Tsofaffin yankin sun san wurin, sun shekara 64 suna wucewa ta gefensa. A Oktoban 2000 aka haƙa gefen hanya a ƙauyen Priaranza del Bierzo aka tarar da ƙasusuwan mutum 13. Daga nan wasiƙu suka fara zuwa daga ko'ina a ƙasar, kowa na cewa mu ma namu yana wani rami. Aka kafa ƙungiya, aka ci gaba da haƙa. A 2007 majalisa ta yi dokar tunawa da tarihi, a Oktoban 2019 aka fitar da gawar Franko daga kwarin nan, a 2022 aka yi wata dokar da ta ɗora wa hukuma nauyin neman waɗanda suka ɓata. Jerin sunayen da aka miƙa wa wani alƙali a 2008 ya haura mutum 114,000.

Na san abin da masu adawa ke cewa, kuma ba wawaye ba ne. Suna cewa garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Suna cewa waɗanda abin ya shafa sun yafe ko sun mutu, kai da ba a haife ka ba me ya yi maka zafi? Suna kuma cewa, da gaskiyarsu, ɓangaren da aka ci shi ma ya yi kisa: a Sifaniya an kashe limaman coci da 'yan zuhudu kusan 7,000, an kuma harbe fursunoni da yawa a Paracuellos kusa da Madrid. Amsata ita ce a faɗi wannan ma, a rubuta sunayensu su ma, a koyar da shi a aji ɗaya da wancan. Mai shebur na gaskiya ba ya tambayar ƙashi jam'iyyarsa kafin ya ɗauke shi. Amma cewa a bar rami rufe don zaman lafiya, wannan zaman lafiyar wa? Wanda kakansa ke da kabari da suna a bangon coci shi ke jin an zauna lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In ana son ganin inda shiru ke kaiwa in ya daɗe, a dubi Labanan. An fara yaƙinta ranar 13 ga Afrilun 1975, ya ƙare a 1990, a 1991 aka yi afuwa ga kusan kowa, shugabannin mayaƙa suka tuɓe kaki suka zama ministoci da 'yan majalisa. Ana ƙiyasta mutum 17,000 suka ɓata ba a san inda suke ba. Littafin tarihin makaranta bai kai ga yaƙin ba, don an kasa yarda a kan abin da za a rubuta. To yaran ba su zauna ba labari ba. Kowa ya samu nasa a gida da unguwa da ofishin jam'iyya, inda nasu ne kaɗai aka zalunta. Matan da aka ɗauke wa maza da 'ya'ya sun fara fitowa titi tun 1982, ba su samu dokar neman waɗanda suka ɓata ba sai 2018. Da yawansu sun mutu da hoto a hannu.

Finlan ta ba ni mamaki. Yaƙinta na 1918 bai wuce wata huɗu ba, amma ya ci mutum fiye da 35,000, kuma dubbai daga cikinsu a sansanonin tsare Jajaye, wato 'yan gurguzun da aka ci da yaƙi, suka mutu bayan an daina harbi. Shekara da shekaru ko sunan yaƙin ba a yarda a kansa ba: wannan ya ce yaƙin 'yanci, wancan ya ce yaƙin talaka da mai dukiya, wani ya ce tawaye. Masu nasara na faretinsu kowace 16 ga Mayu. A 1940, bayan 'ya'yan ɓangarorin biyu sun mutu tare a yaƙi da Tarayyar Sobiyet, Mannerheim, wanda shi ne ya jagoranci masu nasarar, ya soke bikin ya sa ranar tunawa da mamata a madadinsa. Mai nasara ne ya sauke tutarsa da hannunsa, abin da ba kasafai ake gani ba.

Najeriya na da nata. An fara harbi ranar 6 ga Yulin 1967, aka miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairun 1970, Janar Yakubu Gowon ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci. Magana ce mai daraja, kuma ta hana ramuwar gayyar da duniya ta zata za a yi. Ba a kafa kotunan rataye mutane ba. Ojukwu ma, jagoran Biyafara da ta ɓalle, ya samu afuwa a 1982 ya dawo gida, da ya rasu aka yi masa jana'iza da faretin soja a 2012. Amma maganar da aka yi don a kwantar da hankali a 1970 ta koma murfi. Har yau babu adadin mamata da aka yarda da shi: wani ya ce bai kai miliyan 1 ba, wani ya ce miliyan 2, wani ya ce 3, kuma mafi yawansu yunwa ce ta kashe su, yara ne. Ƙasar da tazarar ƙiyasin mamatanta ta kai miliyan 2, ba ta zauna ta ƙirga ba ke nan. Ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a sako tattabaru don 'yan mazan jiya. Wannan ranar ce kuma aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola a 1966, kuma ita wasu ke tunawa. Wasu na tuna kisan da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a cikin shekarar, wasu na tuna kisan Asaba a Oktoban 1967, wasu na tuna fam 20 da aka ba masu ajiya a banki bayan yaƙi, wasu na rufe kasuwa ranar 30 ga Mayu, ranar da aka yi shelar Biyafara. Duk waɗannan sun faru. Kowane gida ya riƙe shafi ɗaya ya yar da sauran littafin, kuma a daidai wannan hali ne aka cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu aka shafe shekaru kafin a dawo da shi.

A irin wannan gurbi ne jika na biyu ke tsirowa, mai tuta. Shi bai ji warin gawa ba, bai ga yaro mai kumburarren ciki ba, abin da ya gada shi ne fushi tsantsa wanda aka tace aka cire masa tsoro. Kakansa da ya yi yaƙin yana cewa Allah kada ya maimaita, shi kuwa yana kan waya yana cewa a sake a gani. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. A Agustan 2017 irinsu suka taru a Charlottesville da tocilan wuta don kare gunkin Janar Lee, wanda da bakinsa ya ce a bar gyambo ya warke, har ɗayansu ya tura mota cikin jama'a ya kashe wata mata. Shekara 152 ke nan bayan yaƙin. Ba shi ya kashe zomon ba, ko rataya ba a ba shi ba, shi ya je ya ɗauka.

Har masu wasan kwaikwayon yaƙi, waɗanda ke ɗinka kakin da, su fita fili ranar hutu su yi harbi da albarushi su faɗi su tashi, ina kallonsu da ɗan shakku. Na san da yawansu son tarihi ne ya kai su, kuma sun san maɓallin riga da nau'in bindiga fiye da malaman jami'a. Amma ban taɓa jin an yi wasan kwaikwayon zawo ba, alhali a yaƙin Amurka cuta ta kashe sojoji fiye da harsashi, wajen ninki biyu.

Bambancin jikokin nan biyu a wurina mai sauƙi ne. Mai shebur yana neman mutum ɗaya mai suna, in ya same shi ya binne shi aikinsa ya ƙare, ya koma gida. Mai tuta ba ya neman kowa, kuma babu ranar da zai ce ya samu. Hukumar da ta hana na farko aiki, ita ke kiwon na biyu. Da za a tambaye ni yadda ƙasa za ta tuna yaƙin basasarta, zan ce ta fara da buɗe ma'ajiyar takardun soja, ta aika matasa da na'urar ɗaukar murya wurin tsofaffin da suka yarda su yi magana tun kafin ƙasa ta rufe idonsu, sojoji da masu jinya da matan da suka yi gudun hijira da goyo. Ta rubuta sunaye a bango ba tare da muƙami ba, farar hula da soja, na nan da na can. Ta faɗa wa ɗan aji abin da ya haɗa faɗan ƙarara, ko da ya sosa wa wani rai. Janar-janar kuwa a kai su gidan tarihi, a rubuta abin da kowa ya yi a ƙarƙashin hotonsa.

Sannan a biya masu rai. Abin kunya ne a ga manya sun jeru da furanni gaban kabarin sojan da ba a san sunansa ba, alhali sojan da aka san sunansa da lambarsa yana kwana a layin fansho da ƙafa ɗaya. Matacce ba ya tambayar haƙƙinsa, shi ya sa ake son sa. Kuma bashin yaƙi yana da dogon rai fiye da yadda masu shelarsa ke zato. Mutum ta ƙarshe da ke karɓar fanshon yaƙin basasar Amurka, 'yar wani tsohon soja da ya haife ta da tsufa, ta rasu ne a 2020, ana ba ta dala 73 da 'yan kai a wata. Mahaifinta ma ya fara yaƙin a ɓangaren Kudu ya ƙare shi a ɓangaren Arewa, ban san tutar da za a ba jikokinsa su ɗaga ba.

Shi kuwa Emilio Silva, bayan an fito da ƙasusuwan nan 13 sai da ya jira gwajin ƙwayar halitta kafin a tantance wanne ne na kakansa. Sakamako ya fito a 2003. Kakarsa, wadda aka bar wa ƙananan yara a 1936, ta riga ta rasu 'yan shekaru kafin a haƙa ramin. Aka ɗauki ɗan akwatin aka kai maƙabartar ƙauyensu, aka binne shi kusa da ita.